Tsafi, sihiri, asiri, maita: wanne ya dace da bokan fada?

Wata marubuciya daga Jekadafari a Gombe ta aiko da saƙo. Tana rubuta ƙagaggen labari mai littafi huɗu, na wata masarauta da 'ya'yan sarki biyu ke rikicin gadon ubansu, kowanne da bokansa, ana kisa ana binne-binne. Ta ce: “Allah gafarta Malam, ni tsafi da sihiri da asiri da maita duk ɗaya na ɗauke su, wanda ya zo bakin alƙalamina shi nake sawa. Da laifi?”

Da laifi, Malama, don kowace kalma tana nuna wanda ke magana da ɓangaren da yake.

Tsafi tsohuwar kalmarmu ce, kuma asalinta bauta. Tsafi yana da wuri, kan dutse ko gindin tsamiya, yana da mai kula da shi, yana da abin yanka, baƙin bunsuru ko jan zakara. Tsumburbura da Barbushe ke yi wa hidima a Dala ta Kano tsafi ce. Shi ya sa Bahaushe ya ce tsafi gaskiyar mai shi, wato wanda ya ba da gaskiya da shi, shi yake wa aiki. In masarautarki tana da wani kogo da ake kai sabon sarki ya yi rantsuwa, wannan tsafi ne.

Sihiri kuwa daga Larabci ta zo ta hannun malamai, tana cikin Suratul Baƙara aya ta 102, inda aka ambaci Haruta da Maruta. Kalmar hukunci ce, ta bakin mai wa'azi da alƙali. Boka ba ya cewa “zan yi maka sihiri”. Cewa yake “za a yi aiki”, ko “akwai taimakon da za a ba ka”. In kika sa sihiri a bakin bokanki yana ciniki da Yarima, kin sa shi yana zagin kansa. Ki duba tarihinmu na nan Bauchi. Malam Hamza ya baro Tsakuwa ta ƙasar Kano wajen 1846 saboda rigimar haraji, ya shiga duwatsun Ningi, kuma labaran baka sun ce da abubuwan al'ajabi ya jawo mutanen wurin, har aka kafa ƙasar da ta daɗe tana yaƙi da Kano da Bauchi da Zazzau. Irin wannan mutum mabiyinsa zai ce karama gare shi, na fadar da ya yi wa tawaye zai ce masihirci ne. Abu ɗaya suka gani.

Wadda na fi so ki riƙe ita ce asiri. Ita ma Larabci ce, daga sirri, sai ta zo Hausa ta yi rassa biyu. Muna roƙon Allah ya rufa mana asiri, muna kuma cewa an yi wa wane asiri. Ba haɗuwar banza ba ce, domin aikin a ɓoye ake yin sa, a binne laya a bakin ƙofa ko ƙarƙashin murhu. Ranar da dogarai suka haƙa zauren Waziri suka fito da ƙahon rago cike da allurai, asiri ya tonu ta fuska biyu a jimla ɗaya. Marubuci ba ya samun irin wannan kyauta kullum.

Maita daban take. Maye ba ya zuwa wurin kowa, abin a cikinsa yake, ƙanƙara ake ce mata, kuma kurwar mutum yake kamawa. Ina yaro a unguwarmu na ga an jawo wata tsohuwa mai sayar da daddawa, zaninta na kwancewa, aka tilasta ta tsallaka wani yaro da zazzaɓi ya kwantar, wai ta sakar masa kurwa. Ba ta da ɗa namiji a garin, abin da na gane ke nan bayan na girma. Ba a cika jifan mai rawani da maita ba. In aka kira wata mayya a labarinki, ki nuna mana wa zai ci ribar korar ta.

Sauran kayan aikin ki kira su da sunansu. Sammu na cutarwa ne, kurciya ke sa mutum ya bar gari ya bi duniya (ga maganin ɗan sarkin da ake so a kawar ba jini), baduhu da layar zana na ɓacewa ne, sagau ke sandarar da hannun mai sara, kau-da-bara ke kautar da kibiya.

Wani ɗalibi daga Azare ya tambayi ma'anar “ba a mugun sarki sai mugun bafade”. A fili, sarki da kunnen fadawa yake ji, abin da suka kai masa shi yake hukunci a kai. Amma ni ina ganin da wayon talaka a ciki. Ba ya iya cewa sarki azzalumi ne ya kwana lafiya, sai ya ɗora wa na gefe, kowa kuma ya san inda aka dosa.

Ya kuma tambayi “basasa”. Yaƙi ne na cikin gida, ɗan'uwa da ɗan'uwa. A tarihin masarautunmu, wanda aka fi sani da wannan suna shi ne na Kano daga 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa (magoya bayan Sarki Tukur) da Yusufawa (magoya bayan Yusufu), wanda ya ƙare da Alu Babba a kan gado. Malama ta Jekadafari, rikicin 'ya'yan sarkinki ma sunansa ke nan da zarar an fita da dawakai. Kafin nan, muddin a soro ake ƙulla shi da dare, tuggu ne.