Me ya sa taya ɗaya ke juyawa a banza?

Tambaya: Wai don Allah meye aikin difarenshal a motar tsere? Naga direbobin Formula 1 na yawan maganarsa. Daga mai karatu a Zariya

Amsa: Malam, in mota ta sha kwana tayar waje tafi ta ciki yin tafiya, difarenshal ne ke barin kowacce ta juya da gudunta. Matsalar difarenshal na gama-gari ita ce, da tayar ciki tayi sakayau sai ta kama juyawa a banza ɗayar kuma bata samun ƙarfin kirki, shiyasa 'yan tsere ke saka wani irin difarenshal da ake kira LSD, mai ɗan kulle tayoyin tare. Amma fa in kullin yayi yawa motar sai ta ƙi lanƙwasa, tai ta neman miƙewa. 'Yan Formula 1 a jikin sitiyari suke saitashi, shiga kwana daban fita daban. Wasu 'yan dirif, masu sa mota ta zame da gangan a kwana, su kam walda kawai suke wa difarenshal ɗin don tayoyin su kulle gaba ɗaya.