Amsa: Albashi kaɗai ne ke kawo kwanciyar hankali kan kuɗi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko bincike ya nuna cewa yawan albashi ne ke sa mutum ya natsu a harkar kuɗinsa. Yana da tasiri, amma ba shi kaɗai ba ne.

A 2015 hukumar CFPB ta Amurka, mai kare haƙƙin jama'a a hulɗarsu da bankuna da sauran cibiyoyin kuɗi, ta kafa wannan natsuwa kan ginshiƙai huɗu: riƙe kuɗin yau da kullum, jure matsalar da ta faɗo ba zato, tafiya kan hanyar cimma buri, da sukunin kashe wani abu don jin daɗi. Da suka zurfafa bincike, abin da ya fi rarrabe mutane shi ne ajiyar da hannu zai kai nan take.

Na ga haka da idona a nan Jos. Albashin maƙwabcina ya fi ribar wata baiwar Allah mai sayar da dankalin turawa a Farin Gada, amma kafin ƙarshen wata sai ya ci bashi. Ita kuwa tana zubin adashi, ranar da ɗanta ya kwanta asibiti ba ta roƙi kowa ba.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne binciken da mujallar Science ta buga a 2013 kan manoman rake a Indiya. Manoman nan, kafin girbi, aljihu a bushe, sun fi yin kuskure a gwajin tunani fiye da bayan an biya su. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana zargin talaka da rashin tsari, musamman da tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023.