Me Yahudawan Tarayyar Sobiyet suke karantawa?

Malam, ka tambaya yadda Yahudawan Tarayyar Sobiyet suka riƙe asalinsu alhali gwamnati ta hana addini. A ganina, littattafai ne suka ɗauki kaso mafi girma na wannan aiki.

Tun a shekarun 1920 gwamnatin kwaminisanci ta raba harsunansu biyu. Ta danne Ibrananci don tana ganinsa harshen addini da sahyoniyanci, ta ɗaga Yidish, harshen talakawansu, har da makarantu da jaridu. Daɗin bai daɗe ba. A 1948 aka kashe Solomon Mikhoels, babban ɗan wasan kwaikwayonsu, a Minsk, aka rufe maɗaba'un Yidish. Ranar 12 ga Agusta 1952 kuma aka harbe mutum 13 a Mosko, cikinsu har da mawaƙan Yidish irin su Peretz Markish. Sai a 1961 aka yarda wata mujallar Yidish ta fito, ita ma bisa layin jam'iyya, lokacin da yawancin matasa ba sa iya karanta harshen.

Shi ya sa bayan yaƙin 1967 tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa karatun ya koma ɓoye, kuma da Rashanci. A buga littafi da tafireta, a sa takardar kabon a fitar da kwafi kaɗan, wani ya kwana yana karantawa, da safe ya miƙa wa na gaba. Wannan shi ake kira samizdat. Ibrananci kuwa a ɗakunan gidaje ake koyonsa, kuma abin da haɗari: an kama Yuli Edelstein, malamin Ibrananci, a 1984, aka tura shi sansanin aikin wahala.