Tambaya da Amsa: Wane Kiɗa Ya Dace da Tsallen Igiya na Yara?

Tambaya: Ina koyar da ƴan ajin CE1 (aji uku na firamare) a wata makaranta a unguwar Zariya, nan Maradi. Muna shirya wasan tsallen igiya don bikin ƙarshen shekara. Na sa musu waƙar da suka fi so a salula, amma igiya sai harɗe musu ƙafa take yi, kowa da nasa tsallen. In na kashe kiɗan sun fi yi da kyau. Ina matsalar take?

Amsa: Malama, yaranki lafiya lau suke, saurin waƙar ne bai zo daidai da ƙafarsu ba. Yara ake fara aunawa, sannan a nemo musu waƙa. Ki ware biyar daga cikinsu, ba gwanaye ba, ba kuma na baya ba, su yi tsalle ba kiɗa. Ki ƙirga sau nawa ƙafa ke dira ƙasa cikin daƙiƙa 15, ki ninka sau 4. Abin da ya fito shi ne saurinsu a minti ɗaya. Sai ki auna waƙar haka nan: ki riƙa buga ƙafa a duk inda babbar ganga ta faɗi, ki ƙirga na daƙiƙa 15, ki ninka sau 4. In tazarar lissafin biyu ta wuce goma, wannan waƙa ba tasu ba ce.

Ki lura tsallen iri biyu ne. Akwai mai dira biyu: igiya ta zaga sau ɗaya, yaro ya dira sau biyu, babban tsalle da ɗan ƙarami. Akwai mai dira ɗaya, kowane zagaye tsalle guda. A waƙa mai bugu 120 a minti, na farko igiyarsa sau 60 za ta zaga, na biyu sau 120, ke nan waƙa ɗaya ta ishi sabon shiga da wanda ya goge. Ƴan CI da CP (aji ɗaya da biyu) ki fara musu daga 100 zuwa 115 da dira biyu. Naki ƴan CE, 110 zuwa 125. Ƴan CM (aji biyar da shida) da hannunsu ya faɗa suna iya 120 zuwa 140 da dira ɗaya.

Kuskuren da malamai suka fi yi shi ne zaton waƙa mai sanyi ta fi sauƙi. Gudu ne ke riƙe igiya a miƙe cikin iska. In bugu ya sauka ƙasa da 90 kuma aka ce dira ɗaya, igiyar langaɓewa take, ta faɗo kan yaro kafin ta kai ƙafarsa. In kuma ya haura 150, wuyan hannu ya kasa, yaro ya koma juya igiya da kafaɗa, kafin minti ya cika ya gaji liƙis.

Bayan sauri, sai tsarin waƙar. Wasan igiya takwas-takwas ake ƙirga shi. Ki ƙirga ɗaya zuwa takwas tare da ganga har sau huɗu. In kowane sabon baiti yana farawa daidai kan "ɗaya", kin samu. Da yawa daga kiɗanmu na gargajiya uku-uku yake tafiya, kuma ba laifi muddin babban bugun ya fito fili. Abin da ke ɓata lissafi shi ne inda mai kalangu ya bar kiɗa ya shiga kirari, domin a nan ƙafar yaro ba ta da abin bi. Waƙoƙin fim su ma da nasu aibin: doguwar shimfiɗa da sarewa ba ganga, sai tsayawa cak a tsakiya, wani lokaci a rage gudu a ƙarshe. Saboda haka ki saurari waƙa tun daga farko har ƙarshe kina buga ƙafa, kada ki tsaya ga amshi. Ki kuma saurari kalmomin da kunnen iyaye, tun da su ne za su zauna a gaba ranar biki. Waƙar soyayya a bakin ƴar shekara takwas ba za ta yi miki daɗin ji a wurin ba.

In waƙar ta yi miki amma ta ɗan yi sauri, manhajar VLC a salula tana rage gudu, Audacity kuma a kwamfuta tana rage shi ba tare da murya ta canza ba. Waƙa mai bugu 135 in aka mayar da gudunta 0.9 za ta dawo kusan 121. Kada ki wuce kashi 10 cikin 100, don daga nan sautin ya fara lalacewa.

Minti ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa wasa guda. Kuma ba duka za a yi shi a sama ba: bugu 32 na tsalle, wato daƙiƙa 16 a saurin 120, sai bugu 16 na taka ƙafa ana kaɗa igiya a gefe, sannan a koma. Ki duba igiyoyin ma. Yaro ya taka tsakiyarta, bakinta biyu su kai hammatarsa. Ga ƴan ajinki wannan kamar mita 2 da ɗan ɗori ne. Igiyar da ta yi tsawo tana jan rairayi a farfajiya, kowane zagaye ta makara, ko wane kiɗa aka sa.

Tambaya: Ni malamin Islamiyya ne a Tibiri. Muna son yara su motsa jiki, amma iyaye da yawa ba su yarda a sa kiɗa ba. Akwai mafita?

Amsa: Akwai, Malam, domin abin da ƙafa ke nema bugu ne mai tafiya daidai, ba lallai ganga ba. Ka raba yara gida biyu: rabi na tsalle, rabi na tafi suna ƙirga ɗaya zuwa takwas da ƙarfi, sai su yi musanya. Hutun ma ya samu ke nan. Ƴan mata ba sai an koya musu ba, tafin gaɗa ya riga ya zauna musu a hannu, kuma kana iya ɗora waƙoƙin makaranta da suka haddace a kai.

Illar tafi ɗaya ce: gudu yake ƙarawa. A fara a 110, kafin a ankara an kai 140, masu tsalle suna ta tuntuɓe. Ga maganin da ba ya cin ko dala: ka ɗaura makulli ko ɗan dutse a zare mai tsawon santimita 25, ka riƙe bakinsa, ka sake shi yana lilo kaɗan-kaɗan. Kowace tafiya daga gefe zuwa gefe rabin daƙiƙa ce, wato bugu 120 a minti. In ka tsawaita zaren zuwa santimita 36, ya dawo 100. Nauyin abin da ka ɗaura bai canza lissafi, tsawon zaren ne kawai. Mai jagorantar tafi ya riƙa kallonsa, in lilon ya mutu a sake kaɗa shi.

Tambaya: Muna da babban fili da yara sun fi sittin. Na gaba suna bin kiɗa, na baya kullum a makare. Ko mu ƙara ƙarar lasifika?

Amsa: Ƙara ba za ta gyara ba. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, don haka yaron da ke mita 30 daga lasifika yana jin bugun a makare da kusan kashi ɗaya cikin biyar na tazarar bugu biyu, in ana 120. Ido yana ganin wannan sarai. Ku ajiye lasifikar a tsakiyar gefen filin mai tsawo, a ɗaga ta kan tebur, yara su jeru a faɗi yadda na ƙarshe ba zai wuce mita 15 ba. Kada ta fuskanci bangon aji, don amsa-kuwwa tana haifar da bugu na biyu. Ku sa gwani ɗaya a gaba kowa ya bi ƙafarsa.

Ma'aunin ƙara mai sauƙi: in sai kun ɗaga murya kafin yaron da ke gabanku ya ji, ta yi yawa ga kunnensa. Ita kuwa salula ita kaɗai ba ta fitar da amon babbar ganga, wanda shi ne yaran ke bi. Ku sauke waƙar a katin memori tun da wuri, ku cika batir, ku rufe layin kira kada waya ta shigo a tsakiyar wasa. A watannin Afrilu da Mayu, da zafin Maradi ke haura digiri 40, ku gama atisaye kafin ƙarfe tara na safe, da ruwan sha a kusa. Lokacin hunturu kuma ku yayyafa wa filin ruwa tukuna, don igiya sittin suna tayar da ƙurar da mai ciwon asma ba zai iya jurewa ba.