Mackinac ko Mackinaw: yaya ake faɗa, me yake nufi?

Tambaya: Malam, ina fassara wani darasin tarihin Amurka zuwa Hausa, sai na ci karo da suna guda da rubutu iri biyu, Mackinac da Mackinaw. Wuri ɗaya ne? Yaya zan furta shi, kuma yaya zan rubuta shi ga mai karatun Hausa?

Amsa: Ɗan'uwa, rubutun ne biyu, amma furucin ɗaya ne. Duka biyun ana cewa Makino, a ɗaga murya a gaɓar farko, a ja wasalin ƙarshe. Wasalin nan yana tsakanin "a" da "o", sai dai kunnen Bahaushe ya fi jin sa kusa da "o". Wanda ya ce "Makinak" ya bi ido ne, mutanen jihar Mishigan kuwa nan take za su gane baƙo ne.

Sunan ba Turanci ba ne. Daga harshen Ojibwe da Odawa ya fito, mutanen da ke zaune a bakin mashigin ruwan da ya haɗa tafkin Mishigan da tafkin Huron tun kafin zuwan Turawa. Faransawa ne suka fara rubuta shi, da doguwar sigarsa Michilimackinac, kuma da ƙa'idar rubutunsu suka yi. A Faransanci "ch" tana ba da sautin "sh", shi ya sa ake cewa Mishigan da Shikago. Harafin "c" ma yakan yi shiru a ƙarshen wasu kalmominsu, kamar tabac, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suka san "taba" ake cewa. Abin da ya faru da Tawa ke nan, wadda Faransawa suka rubuta Tahoua: baƙin rubutu ya yi nisa da baki, amma masu gari ba su sauya furucinsu ba.

Game da ma'ana, bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne "babban kunkurun ruwa". A Ojibwe mishi na nufin babba, ita ce kuma a farkon sunan Mishigan, wato babban ruwa. Mikinaak kuwa wani kunkurun ruwa ne mai cizo, an ce tsibirin da ke mashigin ya yi kama da bayansa idan an hango shi daga kwalekwale. Akwai wani bayanin daga Andrew Blackbird, masanin tarihi ɗan Odawa, wanda ya rubuta a 1887 cewa sunan wata ƙaramar ƙabila ce da ta taɓa zama a tsibirin. Ina ba ka shawarar ka kawo duka biyun, domin maganar ɗan gida ba abar yarwa ba ce.

Kada ka rubuta "kunkuru" kawai, don Bahaushe zai ɗauka na tudu ne mai rarrafe a gona. Kififiya ita ce ta ruwa a wurinmu, amma bayanta mai laushi ne kuma shimfiɗaɗɗe, ba zai nuna tudun tsibiri ba. "Kunkurun ruwa" ya fi dacewa.

Sai rabon rubutun. Mackinaw mai "w" sunan ƙauyen da ke gaɓar kudu ta mashigin ne, Mackinaw City. Kada kalmar ƙarshen ta ruɗe ka ka ce birni, a doka ƙauye ne, mazaunansa na dindindin ba su kai dubu ɗaya ba. A nan Faransawa suka gina sansaninsu wajen 1715 don cinikin fatu, Ingilishi suka karɓe shi a 1761, sannan suka mayar da shi tsibirin tsakanin 1780 da 1781. Mackinac mai "c" ita ake sa wa tsibirin, da mashigin, da gadar da aka buɗe a 1957 mai tsawon kusan kilomita 8.

A fassararka, karon farko ka sa rubutun asali tare da na Hausa, daga nan ka ci gaba da Makino. Tunda Hausa za ta haɗe sunayen biyu, dole kalmar da ke gaba ta yi aikin rarrabewa: ƙauyen Makino, tsibirin Makino, mashigin Makino, gadar Makino. Ka kula da jinsi kuma. Sunan gari shi kaɗai mace ne, kamar yadda muke cewa Kano ta cika, don haka "Makino tana bakin ruwa". Idan ka sa ƙauye ko tsibiri a gaba, jinsin ya koma nasu: "tsibirin Makino ya hana motoci tun 1898", amma "gadar Makino ta haɗa sassan jihar biyu".