Wane ulu zan saya? Amsoshin tambayoyinku kan zaren saƙa

Tambaya: Ina so in saƙa wa jikata 'yar wata uku rigar sanyi da hula kafin hunturu. Mai shago ya ce zarensa ulun asali ne, kuɗinsa kuma ya ninka na sauran. Yaya zan gane, kuma nawa zan saya? Daga wata kaka a Zariya.

Amsa: Hajiya, yawancin abin da ake kira ulu a kasuwanninmu zaren roba ne, wato akirilik, ba gashin tunkiya ba. Ki nemi ya gutsuro miki kamar tsawon yatsa, ki ɗora a kan faranti ki ƙyasta masa ashana. Ulun gaske ƙauri yake yi irin na babbakar kan rago, wutar ta mutu da kanta, tokar kuma ta murmushe in kin murza. Na roba narkewa yake yana ci da wuta, da wari irin na leda, ya bar baƙin ƙullutu mai tauri.

Amma ga jaririya ba lallai ki biya kuɗin na asalin ba. Kayan da tumbuɗi zai sa a wanke kullum sun fi son akirilik mai laushi ko zaren auduga. Ulun gaske, in ba mai laushi irin na tumakin da ake kira merino ba, yana sa ƙaiƙayi. Ki goga zaren a wuyanki. In ya soke ki, ita ma zai soke ta. Sharaɗi ɗaya ne: kada a kusanta yarinya da kaskon wuta tana sanye da kayan roba, domin in ya kama narkewa yake ya manne a fata.

Da zare matsakaicin kauri da tsinken saƙa mai kaurin milimita 4, giram 150 zai ishi riga, giram 50 ya fitar da hula, galibi har da safa. Ki duba nauyin a takardar, dunƙule suna suka tara. Ki kuma saye shi duka rana ɗaya, mai lambar rini iri ɗaya. In ya yanke kika koma ƙaro, launin zai iya bambanta kaɗan. A shago ba za ki gani ba, sai an shanya rigar a rana layin ya fito.

Tambaya: Na saƙa wa maigidana hula da ulun gaske, wanki ɗaya ta tsuke ta yi tauri. Za ta dawo?

Amsa: 'Yar'uwa, sai haƙuri, ki ba ɗanki. Silin gashin tunkiya yana da 'yan ɓawo-ɓawo a jikinsa. Ruwan zafi da sabulu da cuɗa su ke sa su sarƙe da juna, kuma in sun sarƙe ba sa warwarewa. Gaba, ki jiƙa a ruwan sanyi da ɗan sabulu mai laushi minti goma, ki matsa a hankali ba murɗawa, ki naɗe a tawul, sannan ki shimfiɗa a inuwa. Kada ki rataye, nauyin ruwa zai ja ta. Bilic kuwa cinye ulu yake yi.

Tambaya: Ina da tumaki Balami. Zan iya aske su a kaɗa zare? Daga wani makiyayi a Katsina.

Amsa: Malam, kada ka wahalar da su. Balami da Uda da 'Yankasa tumakin nama ne. Gashinsu gajere ne, miƙaƙƙe, mai santsi, ba ya kama juna a mazari, zaren sai ya riƙa tsinkewa. Ulun saƙa daga tumakin ƙasashe irin su Ostareliya da Ingila yake zuwa. In kaɗi ake so a gidanka, a sayo auduga: a gurje ta a cire gurya, a shiɓe da baka har ta tashi, mai kaɗin ta shafa alli a yatsu. Mai koyo ta fara da abawa, domin kaurinta ya fi jure hannun da bai riga ya faɗa ba.