Tambaya da Amsa: Silikon ko Foliyuretan, Wanne Zai Riƙe Bodin Mota?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran bodi ne. An kawo mini motar ɗaukar kaya, ana so in sauya kwanon gefenta na alminiyam da ke zaune a kan firam na ƙarfe, kuma mai motar ba ya son ribit (ƙusar da ake haɗa kwano da ita) ya fito fili. Ina da gam ɗin silikon a hannu, amma abokin aikina ya ce sai dai gam ɗin foliyuretan. Ni kuwa na ga duk a bututu iri ɗaya suke zuwa, kuma duk roba suke zama in sun bushe. Ina bambancin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abokin aikinka ya faɗa maka gaskiya, ka ajiye silikon ɗin nan nesa da motar.

Babbar matsalarsa fenti ce. Fenti ba ya kama silikon ko kaɗan, kuma abin bai tsaya a layin da ka shafa ba. Ɗan maiƙonsa da ya taɓa yatsanka ko tsumma ya isa ya ɓata gefen mota guda: kana fesawa za ka ga fentin yana gudu yana barin ƙananan ramuka kamar idon kifi. Gugar sandifefa ba ta raba ka da shi, sai ma ta ƙara baza shi. Shi ya sa masu fenti da suka san aikinsu ba sa yarda a shigo musu da shi wurin aiki. Sannan irin wanda ke warin ruwan tsami in yana bushewa, asid yake fitarwa, wanda ke cin ƙarfe ya jawo tsatsa a ƙarƙashin haɗin, inda ido ba ya gani. Akwai wanda ba ya fitar da asid ɗin, amma shi ma fenti ba ya kama shi, kuma da zarar ya fara yagewa daga gefe, yagar takan ci gaba cikin sauƙi. Ranar da za a sake gyara kuwa, babu gam ɗin da zai kama kan ragowarsa.

Ba wai ba shi da amfani ba ne. Yana jure rana, kuma wasu nau'o'insa suna jure zafin da ya haura digiri 200 na ma'aunin Selsiyus, don haka wurinsa gaskit ne da kewayen inji.

Foliyuretan shi aka yi wa aikinka. Da shi ake manne gilashin gaba a motocin zamani, da shi kuma ake haɗa kwanon bas da tirela. Yana riƙewa da ƙarfi, yana shanye girgiza, fenti yana zama a kansa. Rauninsa biyu: rana tana cinsa in an bar shi tsirara, sai a rufe shi da fenti, kuma yawancinsa ba ya son zafin da ya wuce digiri 90.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne kaurin gam ɗin, domin nan ne masu hannu da kyau ma suke tuntuɓe. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Kwano mai tsawon mita 3, in zafinsa ya ƙaru da digiri 50, zai miƙe da kusan milimita 3 da rabi, firam ɗin kuwa bai kai milimita 2 ba. Wannan bambancin gam ne zai shanye shi kullum, safe da rana. In ka matse kwanon har gam ya zama siriri, ba shi da inda zai miƙe, sai ya tsage ko kwanon ya lanƙwashe. Ka sa ƙananan robobi a tsakani su tsare maka tazarar milimita 2 zuwa 3. Tazarar tana kuma hana alminiyam taɓa ƙarfe, wanda in ruwa ya shiga tsakaninsu alminiyam ɗin ne ke zagwanyewa.

Shiri kuma ba a yi masa gaggawa. Ka kankare tsatsa da tsohon fentin da ya saki, ka goge maiƙo, ka ɗan karce fuskar, ka shafa firaimar da kamfanin gam ɗin ya tanada, wato shafen farko da ke sa gam ya kama. In da sinadari mai alkohol ka goge, ka bari ya bushe sarai, domin yana hana foliyuretan bushewa. Ka ɗora kwanon kafin gam ya yi fata. Danshin iska ne ke busar da shi, daga waje zuwa ciki, kamar milimita 3 zuwa 4 a kwana ɗaya, saboda haka layi mai faɗi yana buƙatar kwanaki. Kada ka bari mai mota ya matsa maka ya ɗauke ta da wuri. Ka sa safar hannu, ka buɗe wa wurin iska, domin sinadarin isosayanet da ke cikinsa yana iya jawo asma da ƙaiƙayin fata.

Duk wannan a kan kwanon gefe nake magana. In aikin ya kai ga ginshiƙan rufi ko shasi, sassan da ke kare rai ranar hatsari, irin wannan gam ɗin na bututu ba ya maye gurbin walda. A nan sai ka bi abin da kamfanin motar ya rubuta, ko walda ce, ko ifoksi, gam ɗin da ake cakuɗa sinadarai biyu, tare da ribit.